Ku Mayar Mini da Katsalandan Hajja Asabe

Zuwa ga Duktura, Shugabar Sashen Tarihi ta jami'ar nan da ke tsallaken kogi, Khartum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki tare da malamanki da ɗalibanki, da fatan kowa yana lafiya. Ni ne Musa Abakar na Umdurman, tsohon nan mai saƙar gadon igiya, wanda kuka ɗauki muryarsa a kan rayuwar masu tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira. Ban kira sunan jami'arku ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda na zo ofishinki, na sake zuwa, kullum a ce kina taro, har gwiwoyina suka rantse ba za su ƙara hawa matakalarku ba. Da ma ku kuka koya mini cewa yanzu komai a buɗe ake yinsa.

Na farko, godiya. Bara waccan, bayan babbar salla, ɗalibanki suka zo gidana da na'urar ɗaukar murya. Suka ce darasin da za a haɗa za a sa shi a intanet kyauta: kowa ya saurara, ya kwafa, ya gyara, ya koyar da shi inda ya ga dama. A zamanin da na yi makaranta littafi ɗaya ne a ajinmu, yana cikin akwatin malam, mabuɗin yana rataye a wuyansa, wanda ya taɓa kuma ya sha bulala. Saboda haka ban ja musu rai ba, na gyara zama na fara.

Na biyu, yadda ranar ta kasance. Matata, Hajja Asabe, tana bakin ɗakin girki tana dafa musu shayi. Tun muna Jazira muka yi aure, kuma ban taɓa kai labari ƙarshensa ni kaɗai ba. Na ce a jirgin ƙasa muka iso birni, ta ce, "A bayan motar auduga dai, Malam." Na ce kafin azahar nake cika buhuna, ta ce, "Da hannun wa?" Ɗalibanki suka yi ta dariya, har wata ta ɓarar da shayi a mayafinta. Haka muka wuni, ina ginawa tana gyara mini bango.

Da damina ta zo, Allah ya karɓi abinsa, Hajja ta rasu. 'Ya'yanmu sun yi nisa, ɗaya a Saudiyya, ɗaya a Port Sudan. Ba mu taɓa tunanin ajiye muryarta ba. Wa zai ajiye abin da yake ji tun asuba har dare?

Na uku, ƙorafina. Da na ji darasin ya fito, na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa Kasuwar Libiya ta nan Umdurman, wani mai sayar da wayoyi ya sa mini shi a wayata. Ban bari ya kunna a can ba. Na dawo gida, na zauna a gefen gado inda take zama, sannan na danna. Sai na ji wani dattijo yana ta zuba shi kaɗai, tiryan-tiryan, ba mai tare shi. Duktura, wallahi da ƙyar na gane shi. Na buga wa ɗaya daga cikin ɗalibanki, ya ce ai tace sauti aka yi, an cire surutun gefe don masu karatu su ji da kyau. Na jinjina muku. Na kwashe fiye da rabin rayuwata ina neman dabarar da zan yi magana Hajja ba ta sa baki ba, ban samu ba, ku kun gama aikin a zama ɗaya. Sai dai ga inda aka kwana: yanzu ɗalibai a ƙasashen da ban san sunansu ba suna jin cewa Musa a jirgin ƙasa ya shigo birni. Ban ce ku ne kuka faɗa ba. Amma mai gyarawar tana nan a wurin, kuka cire ta.

Na huɗu, wanda ya hana ni sakat. Dab da ƙarshe, inda nake bayanin yadda ake sakin ruwa cikin gonaki, almakashin mai tacewarku ya kuskure. Ana jin cokali yana kaɗawa a kofin shayi, sai muryarta ta ce, "Ai ba…" Shi ke nan, an datse. Mai wayoyin nan ya nuna mini yadda ake jan magana baya da yatsa. Wurin nan kam na ƙware da shi. Kullum bayan la'asar sai na saurara. Ai ba me? Na yi, na yi, na kasa tuna abin da ta ce. Na san dai ita ce da gaskiya.

Ga roƙona, ranki ya daɗe.

Ɗaya, a ba ni ainihin abin da aka ɗauka, yadda yake, da tarinsa da dariyarsa, tun kafin wani mai son tsabta ya goge shi.

Biyu, tunda ƙa'idarku ta ce kowa yana iya gyara darasin, to ga ɗalibi ya fito. Gyarana ɗaya ne: a mayar da ita inda take, a rubuta sunanta kusa da nawa. In wuri ya yi kaɗan, a rage nawa surutun.

Uku, a hanzarta. Likita ya fara yi mini magana a hankali, kin kuwa san abin da hakan ke nufi. Wanda za ki aiko ba sai ya nemi izini ba, ƙofata ba ta da mai gadi. Zai sha shayi, amma ya yi haƙuri, ni nake dafawa yanzu.

Allah ya ƙara miki ilimi da ɗaukaka, ya albarkaci ɗalibanki, ya rage miki yawan taro. Allah kuma ya ba ki wanda zai riƙa katse miki magana har tsufa.

Wassalam.

Musa Abakar,
Umdurman.