Kambun Kaka Yana Wurin Giwa

Zuwa ga Yayana, Malam Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ƙane ga wansa, tare da fatan Allah Ya sa makwancinka ya fi gidan da ka bari faɗi da sanyi. Mu nan Faskari lafiya lau, ban da gwiwa da ta fara yi mani gardama.

Yaya, ranar Juma'a babban ɗanka Alhaji Sale ya taho gaishe ni, ya tambaye ni ina kambun kakanmu yake, wai yana so ya nuna wa iyalinsa. Na ba shi amsar da na ba ka tuntuni, na ce ya faɗi a ruwa. Tun da ya fita bakina ke ɗaci. Shi ya sa na zauna rubuta maka gaskiya a takardar nan inda shi ma zai karanta, da duk mai leƙe ta bayan kafaɗata.

Ka san kambun. Kaka ya kitsa shi da gashin wutsiyar giwar da ya kashe a dajin Sabuwa tun kafin ya musulunta. Da sango ya kashe ta, mashin nan mai dafi da ake ɗurawa a bakin bindiga. Daga damtsensa ya koma na Baba, daga na Baba ya koma naka, don kai ne babba.

Ka tuna shekarun da arzikin man fetur ya sauko, kowa ya sayi rediyo da babur? Ina malamin gona a Daudawa, ina koya wa mutanen da suka fi ni sanin auduga yadda ake shuka ta. Sai manyan ofis suka ce mu ma za mu tafi yawon buɗe ido kamar Turawa, can gandun dajin ƙasar Bauchi inda aka hana taɓa giwaye. Har kamara na aro. Da na zo yi maka sallama a gonar Sheme, sai da ka dafa gwiwa don dariya. Ka ce, "Kaka ya je mata da sango, kai za ka je mata da akwatin hoto."

Sannan ka daina dariya. Ka kwance kambun daga damtsenka ka ɗaura mani, ka ja ƙullin har na ji zafi. Ka ce, "Giwa ba ta taɓa mai wannan. Ka dawo mani da shi."

Ban tuna maka da maganar Goggo Tabawa ba, wadda ta rene mu da tatsuniya. Ita cewa take yi giwa tana gane warin ɗan'uwanta da aka kashe ko bayan shekara arba'in, kuma tana bin sawu. Magana biyu daga gida ɗaya, na tafi da su duka a jikina.

A gandun, da hantsi aka zuba mu a wata babbar mota marar rufi, mai benci-benci. Mu shida daga ofis, da Turawa biyu masu gajeren wando, da jagora mai kaki da tsohuwar bindiga. Ya ce ko me muka gani kar wanda ya tashi, kar wanda ya yi magana. Muka ga gwanki, muka ga ɓauna, muka ga birai har suka ishe mu. Ni kuwa baki ya buɗe. Na naɗe hannun riga ina nuna wa shugabanmu Malam Haruna kambun, ina ba shi labarin Kaka kamar ni na riƙe masa bindigar.

Kusa da kogi direba ya kashe mota.

Yaya, duk tatsuniyoyin Goggo ba wadda ta gaya mana cewa giwa ba ta da ƙarar tafiya. Ina jiran ƙasa ta girgiza. Ba abin da ya girgiza. Kawai itatuwan da nake kallo ne suka fara motsi, ashe ba itatuwa ba ne. Ban ƙirga su ba. Akwai wata uwa, haurenta ɗaya a karye, da ɗanta yana bi ta ƙarƙashin cikinta. Ta bar sauran ta nufo mu, ba gaggawa.

Ta ɗago hancinta ta saman katakon motar. Ya wuce Baturen farko. Ya wuce na biyu. Ya shinshina hular Malam Haruna ya wuce. Da ya zo kaina ya tsaya.

Na ji numfashinta a damtsena, ɗumi da danshi, kamar an buɗe tukunyar tuwo. Na saci kallon jagora ko zai ɗaga bindiga. Bindigar na kan cinyarsa, leɓɓansa na motsi, salati yake yi. Wannan ya fi giwar tsorata ni. Na nemi Fatiha a kaina na rasa farkonta, ba abin da ke zuwa sai sunayen irin auduga. Idonta kuwa ɗan ƙarami, da gashi zara-zara, irin kallon da Goggo ke yi mana idan ta riga ta san wanda ya sha nonon.

A nan na bar maganarka na kama ta Goggo. Na sa hannun hagu a hankali ina lalubar ƙullin. Ka ɗaure shi da kyau, Yaya, Allah Ya yafe maka. Yatsuna duk gumi, farce ya karye, hancin nan yana bin yatsuna duk inda suka yi. Da ƙyar ya saki. Na zurara shi ta gefen mota ya faɗi ƙasa.

Ta sunkuyar da hancin ta ɗauka. Ta juya shi, ta kai bakinta, ba ta ci ba, ta riƙe. Sai ta yi wani gurnani can ƙasa-ƙasa wanda ban ji da kunne ba, a benci na ji shi da cikin cikina. Wasu biyu suka matso suka sa hancinsu a kai. Aka daɗe a haka. Sannan ta juya ta shiga daji da shi, ɗan yana biye. Hoto ko ɗaya ban ɗauka ba.

Da muka koma masauki jagora ya ce wataƙila lemon da ke aljihuna ta ji. Gaskiya ne akwai lemo. Amma lemon na nan ta bari.

Kwana biyu na hanya ina shirya ƙarya. Akwai wata maɓuɓɓugar ruwan ɗumi a gandun da baƙi ke wanka, sai na ce maka a can ya sulluɓe. Ka kama damtsena, ka daɗe kana kallon shatin da ƙullinka ya bari. Ka ce, "Hannun dai ya dawo." Ka aika a damo fura. Har ka koma ga Allah ba ka sake tada maganar ba.

Sai da na tsufa na gane wautata. Kai da ka san ko rafin bayan gari ban taɓa shiga ya wuce idon sawuna ba, ni ne zan ce maka na yi wanka a maɓuɓɓuga! Ka sani tun ranar. Ka rufa mani asiri, ni kuma na bar ka ka tafi ban ce na gode ba.

Har yau ban san wanda ya yi gaskiya ba tsakaninka da Goggo, ko kambun ne ya kira ta, ko shi ya hana ta taka ni. Abin da na sani, amanarka ce, tsoro ya sa na miƙa ta. Ka yafe mani. Idan Sale ya dawo zan gaya masa da bakina cewa kambun Kaka bai ɓata ba, masu shi ne suka karɓa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya jiƙan Baba da Kaka da Goggo. Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa mani. Ya haɗa mu a inda ba sauran abin tsoro.

Ƙanenka da ya dawo da hannu kawai,
Garba, tsohon malamin gona