Habboba Atine Ta Rufe Bakinta

Malama Safiya, don Allah ki taimaka min, na ɗauko aiki ya fi ƙarfina.

Ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Gadarif ta ƙasar Sudan. Da na fara maganar sarakunan da, sai ɗalibaina su hau hamma. Rannan na gaji, na ce kowa ta je ta tambayi tsofaffin unguwarsu labari, ta mai da shi wasan kwaikwayo ko zane ko waƙa. Wallahi ban san suna da kai haka ba! Manahil ta yi taswirar gonakin Gedambaliya da ƙwayar dawa kala-kala, Su'ad ta naɗo waƙoƙin masu girbin riɗi a wayarta. Har murna ta hana ni zama.

Matsalar daga ɗalibata Hajar take. Ita da ƙawayenta sun sami Habboba Atine, wato Kaka Atine a Larabcin nan, tsohuwar da aka goyo daga Najeriya a kan hanyar Hajji, iyayenta suka yada zango a nan, zango ya zama gida. Ta yi ta ba su labarinta da na marigayi mijinta, amma ko sau ɗaya ba ta faɗi sunansa ba, sai dai "shi". Yaran nan da suka tashi cikin Larabci, ina suka san wannan kunyar? Suka tambayi maƙwabta, aka ce Lado. Suka shirya wasa, suka je gwada mata a tsakar gida. Yarinyar da ta fito a matsayin Atine ta buɗe baki ta kwaɗa wa mijin kira da sunansa! Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki. Tun ranar gaisuwa kawai take amsawa.

Ga labarin a rabi ya tsaya, ba wanda ya san sauran sai ita. Wani abokin aikina ya ce tarihi ba suna ba tarihi ba ne, a bar wasan yadda yake. Hajar kuwa kuka take yi. Ni dariya ma takan kama ni, sai kuma tsoro ya biyo baya. Ya zan yi?

Malama mai neman mafita

Malama, sannu da ƙoƙari, kin yi abin a yaba. Ni ma sai da na yi dariya.

Yaran ba su yi da gangan ba, ki share wa Hajar hawaye. Abokin aikinki ma yana da gaskiyarsa, sunan Lado ya cancanci a ji shi. Amma tsohuwar nan ta kwashe rayuwarta tana kiyaye wannan suna a bakinta, sai ga sa'o'in jikokinta sun nuna ta a tsakar gidanta tana yin abin da ba ta taɓa yi ba. Wasan ne ya yi mata ƙarya.

Gyaran ba wuya. A bar maƙwabta da abokan gona su kira sunan a cikin wasan, ita kuwa Atine ta sunkuyar da kai ta ce "shi". Wannan kunyar ma tarihi ce, kuma ita ce abin da ɗalibanki suka fi buƙatar sani.

Ki je da kanki, ki tafi da mahaifiyar Hajar, ku riƙe mata ɗan buni, wato gahawa, da sukari, ku ba ta haƙuri. Kada ku tambayi ragowar labari. Ku roƙe ta ta koya wa yarinyar da ta fito a matsayinta yadda take kiran mijinta cin abinci ba tare da ta ambace shi ba. Tsohuwa ba ta iya ganin ana kwaikwayonta ba daidai ba ta yi shiru, za ki ga bakin ya buɗe da kansa.

Ki je a makon nan, kada ki jira ƙarshen zango. Masu shekarunta ba sa bin jadawalin makaranta. Allah Ya ƙara wa Habboba lafiya, Ya yi wa ɗalibanki albarka.