Inna, Ni Ne Na Ɗauke 'Yar Toka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga wadda ta haife shi, cikin ladabi da durƙusawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Na san takarda ba ta isa inda kike. Malamai sun sanar da mu addu'a da sadaka ne ke isa. Duk da haka na zauna na rubuta, kuma zan bar ta a fili kowa ya karanta, domin akwai wata magana da na riƙe fiye da shekara hamsin. Yanzu na girmi shekarun da kika yi a duniya nesa ba kusa ba, kuma ba na so in tafi da ita a cikina.

Abin da ya tayar da ita ƙarami ne. Watan jiya na je Kano a duba mini ido. A ɗakin jira akwai talabijin a bango, ana nuna wasan zane na kyanwa da ɓeraye, irin wanda muka taɓa kalla ni da ke. Mutane suna ta dariya. Ma'aikaciyar da ta ɗiga mini magani ta ga hawaye yana zuba, sai ta ce, “Baba, yi haƙuri, yanzu zai daina zafi.” Na ce mata haka ne.

Kin tuna shekara ta biyu ta fari. Baba ya rasu a lokacin kaka, gidan ya rage mu uku: ke, da ni, da ƙanwata Talatu. Ni kuwa sabon malami ne a firamaren garinmu, ina tafe da alli a aljihu, ina jin babu abin da ya rage ban sani ba. Abincinmu ya koma dusa da ganyen tafasa, sau ɗaya a yini, wata rana sau biyu idan an dace.

Gonar gado ba ta ba da abin kirki ba a wannan shekara. Amma daga ɗan abin da aka samu kika zauna a tabarma kina zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya, masu cikakken ido, har kika haɗa dami biyu na iri. Kika sa su a ƙaramin rumbun ƙasa na bayan ɗakinki, kika barbaɗa toka, kika sa na liƙe bakinsa da laka. Dokarki ɗaya ce: ba a buɗe shi sai ranar da aka yi ruwan shuka. Ba don ɓarawo kika liƙe shi ba, don mu ne. Kin ce bai kamata mai jin yunwa ya riƙa haɗa ido da iri ba.

Mai gadin rumbun ita ce 'Yar Toka, kyanwarki, wadda take kwana tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Kullum da yamma sai kin gutsuri loma daga ƙwaryarki kin ajiye mata. Ina ganin ƙasusuwan wuyanki sun fito, ina ganin lomar tana tafiya bakin dabba, raina yana ɓaci. Wata rana na yi magana.

Ni ne ɗanki na fari, saboda haka ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba idan akwai wata hanya. Ko ina zaune a gabanki, ta bakin Talatu kike aiko mini saƙo. A ranar kika ce, “Talatu, gaya wa yayanki ita ma ma'aikaciya ce kamarsa. Bambancinsu, ita ba ta hutun ƙarshen mako.” Talatu ta yi dariya har ta ƙware. Ni ban yi ba.

Cikin rani motar majigi ta gwamnati ta zo garinmu. Aka kafa farin ƙyalle a bangon makaranta bayan sallar isha, maza a gaba, mata da tsofaffi a gefe. Ba ki taɓa ganin majigi ba, kuma sai da Talatu ta yi ta roƙo kafin kika yafa mayafi kika fito.

Da farko an nuna yadda ake tsare hatsi da maganin ɓera. Wani mutum mai farar riga yana cuɗa gari da dusa, yana ajiyewa a lunguna, da safe ana kwashe gawawwaki. Na kalla da natsuwa irin ta ɗalibi.

Daga nan aka sa na ban dariya. Wani gida ne na Turawa, da tebur shaƙe da abinci: nama, burodi, madara, da waɗansu abubuwa da ba mu san sunansu ba. Kyanwa tana barci a ƙarƙashi. Ɓeraye suka fito daga rami mai 'yar ƙofa, suna tafe da ƙafa biyu kamar mutane. Mai fassara yana riƙe da lasifika yana cewa, “To, ga su Malam Ɓera sun zo ta'aziyya, ba a gayyace su ba!” Suka ɗaure wutsiyar kyanwar a ƙafar tebur, suka kwaɗa mata tukunya a ka, suka jera suna jigilar abinci zuwa raminsu.

An yi wasan ne don a yi wa kyanwa dariya, kuma yara sun yi. Manya kuwa ba su bi wannan hanya ba. Duk mai rumbu a wurin bayan kyanwar ya bi. Baba Mati, maƙwabcinmu, ya miƙe da sandarsa yana ihu, “Ga shi nan a bayanki! Juyo mana, shashasha!” har inuwarsa ta rufe rabin ƙyallen aka zaunar da shi. Da ɓerayen suka fara jifan kyanwar da abinci, madara tana malala a ƙasa, sai na ji wata tsohuwa tana salati. A ƙarshe matar gidan ta shigo, ta ga ɓarna, ta kori kyanwar waje da tsintsiya, ɓeraye suna rawa a kan tebur.

A hanyar gida kika ce, “An zalunci baiwar Allah. Ita ta kwana tana faɗa, ita aka kora.” Na ce zane ne kawai, Inna, babu kyanwa babu ɓera. Kika ce, “Talatu, gaya masa na ji zane ne. Wanda ya zana bai taɓa kwana da yunwa ba.”

Abin da na kwaso daga wannan kallo daban ne da naki. Ni na ga zamani ya zo da magani, na ga kuma har Turawa sun tabbatar kyanwa shirme ce. Washegari na karɓo ƙullin magani a wurin malamin gona. Ya gargaɗe ni in nisanta shi da kaji da kyanwa, don duk wadda ta ci ɓeran da ya ci maganin ita ma ta tafi. Kaji dai mun daɗe da rabuwa da su. Sai na lissafa wa kaina cewa idan 'Yar Toka ta bar gidan, na tsirar da ranta, na tsirar da lomarki, magani kuma ya tsare iri. Na ga babu wanda ya kai ni dabara.

Ranar kasuwar Ɗanbatta kin tafi gaisuwar mutuwa. Na sa 'Yar Toka a buhu na ɗaure a bayan keke. Ta yi kuka har muka wuce fadama, daga nan ta yi shiru. Na sake ta a bayan rumfunan mahauta, ina gaya wa kaina can za ta fi samun abin ci. Ba ta gudu ba, Inna. Zama ta yi tana kallona. Ni ne na gudu.

Da yamma kika gutsuri lomarki kika zagaya bayan ɗaki kina “mus, mus.” Kin yi haka kwana da kwanaki. Talatu ta tambaye ni ko na gan ta, na ce wataƙila karnukan mafarauta ne suka kore ta. Kika ce, “Allah Ya sa tana hannu nagari,” kika ajiye lomar a kan dutse ko za ta dawo. Ɓeraye ne suka riƙa cinye ta.

Na riƙa ɗibar dusar da muke ci ina cuɗawa da magani. Makon farko na kwashe gawawwaki na jera a tsakar gida don ki gani. Kin duba, kika ce a gaya mini in binne su da zurfi. Mako na biyu suka daina taɓa dusar. Ashe suna gane abin da ya kashe 'yan uwansu, wannan kuwa ba a nuna shi a majigi ba. Dusar ma ta yi mana kaɗan. Sai na daina, na ɗauka sun ƙare. Rumbu yana liƙe, babu mai leƙawa, don dokarki tana nan.

Ruwan shuka ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, irin wanda muka shekara biyu muna roƙo. Gari ya ɗauki kabbara. Da safe na fasa lakar. Warin ne ya fara fitowa. Ɓeraye sun yi rami ta ƙasa, tsakanin duwatsun da 'Yar Toka take kwana. Kika zura hannu har kafaɗa, kika fito da ƙaiƙayi da kashin ɓera, kika hura a tafinki kamar mai sheƙa. Ƙwayoyin da suka rage ba su rufe tafin ba. Kika ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” sau uku, kika karkaɗe hannu. Ba ki dube ni ba, amma da ma ba kya dubana, saboda haka ban iya karanta komai ba.

A garinmu babu mai rarar iri. Hatsin da ke kasuwa na ci ne, daga nesa aka kawo shi, ba ya yi a jigawarmu. Sai kika ce za ki wurin Kawu Haruna, yayanki, a bakin Watari, tun ba a yi madatsar ruwan ba, don su fadama ta ɗan rufa musu asiri. Na ce ni zan je da keke. Kika ce, “Gaya masa idan shi ya je, Kawunsa zai ba shi haƙuri. Idan ni na je, ba zai iya kallon idona ya ce babu ba.” Kekena bai iya ɗaukar mutum biyu a wannan yashi ba. Da ƙafa kika tafi.

A rana ta biyar kika dawo, da ƙullin gero a ka, kin lulluɓe shi da mayafinki don kada ya jiƙe, ke kuwa ruwa ya dake ki tun daga hanya. Ba ki zauna ba. Ni ina sara da sungumi, ke da Talatu kuna bina kuna jefa iri kuna rufewa da diddige. Tun a gonar na fara jin tarin.

Jikin da ya shekara a kan dusa bai da abin da zai yi faɗa da shi. Gero yana tasowa kina raguwa. Kullum sai kin tambayi Talatu ina ya kai: ya rufe ƙafa, ya kai gwiwa, ya fara ciki. Bai kai ga fitar da kai ba kika sa aka tara mu.

Kika nemi gafarar kowa, kamar yadda ake yi, har Baba Mati da ke tsaye a bakin ƙofa. Muka ce mun yafe. Sannan kika ce, “Ni ma na yafe muku, abin da na sani da wanda ban sani ba.” Ina durƙushe a gefen ƙafafunki. Maganar tana bakina, na buɗe shi ma. Sai na ji tsoron kada ya zama abu na ƙarshe da za ki ji daga gare ni, na ce amin kawai. Yau na san ba ke na tausaya wa ba, kaina na tsare.

Geron ya yi kyau a wannan shekara, ya yi kyan da ban sake ganin irinsa a gonar ba. Na yanke shi ni kaɗai ina kuka, mutane suna zaton maraici ne kawai.

Bayan shekaru na sami limaminmu a keɓe, na ba shi labarin kamar na wani. Na tambaye shi ko yafiyar uwa a kan abin da ba ta sani ba ta isar wa ɗan da ya ɓoye da gangan. Ya ce rahamar Allah tana da faɗi, zuciyar uwa ma haka, kuma yana kyautata zaton ta isar. Sannan ya ce, “Amma ka gaya wa mutumin nan, da ya faɗa mata, da ta yafe masa da sunan laifin, shi kuma da ya huta.”

Ban huta ba, Inna. Na koyar da yara gaskiya shekaru masu yawa, na hukunta waɗanda suka yi ƙarya a kan fasa tulu, ina sane da tawa. Talatu tana Tofa a gidan 'ya'yanta, ta tsufa, har yau tana zagin karnukan mafarauta idan zancen ya taso. Za a karanta mata wannan takarda, kuma zan je da kaina in zauna a gabanta in ji abin da za ta ce.

Ke kuwa, ga abin da ba ki sani ba. Ba kare ba ne. Ni ne, ɗanki, da buhu da keke.

Ya Allah, Ka gafarta wa mahaifiyata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna gwargwadon kowace loma da ta hana kanta, Ka sanya kowane taku da ta yi zuwa Watari da dawowa a mizaninta. Ka yafe mini haƙƙinta, da haƙƙin baiwarKa da na yasar a bayan kasuwa ba tare da laifin komai ba. Idan Ka ƙaddara mana haɗuwa, Ka ba ni ƙarfin da na rasa a gefen ƙafafunta. Amin.

Wassalam.

Ɗanki mai neman gafara,
Iro