Zalɓen Ƙauna da Abin da Felix Ya Yi Masa

Zuwa ga Yaya Janet,

Gaisuwa mai yawa daga Samaru, da fatan ke da maigidanki kuna cikin ƙoshin lafiya a Fatakwal. Ubangiji ya ci gaba da riƙe ku. Mama ta samu sauƙin ƙafarta, har tana zuwa sujada ba sanda. Mun ji an sa ranar auren 'yarki Stephanie a watan Disamba a nan Zariya, mun yi murna ƙwarai.

Amma Yaya, raina a ɓace yake. Kin san ina koya wa ɗalibaina ɗaukar hoton tsuntsaye, kuma babu wanda ya kai Ƙauna, 'yar ƙanenmu Eric, ido da haƙuri. Ta yi ta zaryar bakin tafkin Kubanni da sassafe har ta samu wani zalɓe. A cikin hoton da ta ɗauka ta ajiye shi can gefen hagu, ya lanƙwasa wuya yana leƙen ruwa, ta bar masa fili a gabansa, yadda duk mai kallo sai ya bi idon tsuntsun ya jira kifin tare da shi. Taɓo a ƙafarsa, tokar gashinsa sak yadda Allah ya yi ta. Da na gani sai da na cire tabarau na goge.

Na ce ta tura gasar matasa masu hoton halittun daji, inda waɗanda aka zaɓa za su je horo a Jos. Sharaɗinsu a fili yake: ana iya daidaita haske, amma ba a ƙara komai, ba a cire komai. Sai ta je shagon Felix na Kawu Martin a Muchia, ya rage mata nauyin hoton kawai ya aika. Shi kuma gwanin hoton amare ya ce ta bar masa. Ya yanke filin nan duka, ya dasa tsuntsun a tsakiya kamar mai hoton fasfo. Ya goge taɓon, ya murje gashin har zalɓe ya koma fari fes kamar balbela, sannan ya cire tafkin ya sa lambun furannin da yake sa wa amare a baya. Ya aika da sunanta bai nuna mata ba.

An cire ta daga gasar, an kuma rubuto cewa ta yi maguɗi. Da na samu Felix, dariya ya yi a gaban mutane, wai hoton datti ta kawo ya taimake ta, wai ni malamin da ban ma koya mata sa abu a tsakiya ba. Tun ranar Ƙauna ta tura kyamara ƙarƙashin gado. Na roƙe ta, ta ce ita ta gama.

Na san abin da aka koya mana game da gafara, amma ba wannan watan ba. Felix yana ta baza wa Sabon Gari cewa shi zai ɗauki hoton bikin Stephanie, har ya ɗinka rigar aiki. Ina roƙonki, Yaya, ki hana shi. Ki kira Ƙauna da bakinki ki ce ita kike so ta ɗauki hoton bikin, domin maganarki ce kaɗai ba ta iya ƙi. Shi kuma ki aika masa katin gayyata mai kyau, ki sa shi a teburin gaba kusa da dattawa, inda ba zai iya zamewa ba. Ya zauna da farantin shinkafa a hannu, yana amsa wa duk wanda ya tambaye shi ina kyamararsa.

Ki gaida maigidanki, da amaryarmu Stephanie, da ɗanki Japheth. Mama da Eric suna gaishe ku. Kada ki ce wa Ƙauna ni na sa ki. Ki dai kira ta cikin makon nan, ni na riga na yi wa batirin kyamarar caji.

Ƙanenki da ke jiran amsarki,
Cornelius