Randar da ba ma taɓawa

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya maigidan da yara? Mu nan unguwar Kalakla a Khartoum sai godiya, sai dai zafi.

Yaya, ƙanwarmu Zainabu na kwance a asibiti. Ranar Talata ta yanke jiki ta faɗi a gaban tukunyar alawa, a masana'antar da muke aiki a Omdurman. Likita ya ce rashin ruwa ne ya taɓa mata ƙoda. Ya tambaye ni, "Babu ruwa ne a wurin aikinku?" 

Akwai ruwa, Yaya. Randa biyu cike, ga moɗa a kai. Amma banɗaki ɗaya ne, ƙofarsa ba sakata, kuma sai kin ratsa ta gaban maza masu lodin mota suna bin ki da ido. Shi ya sa mu mata ba ma sha tun safe har la'asar, ga rufin kwano, ga wuta na ci. Tun da soja suka rushe ƙungiyar ma'aikata ba mu da wurin kai kuka.

Ranar da ta fara aiki ta kai hannu kan moɗa, ni na riƙe ta. Na ce, "Bari sai mun koma gida, haka ake yi a nan." Shekara uku ba ta saɓa maganata ba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki gaida kowa da kowa. Ki sa Zainabu a addu'a, ni kuma ki roƙa mini bakin da zan nemi gafararta.

Ƙanwarki,
Hauwa