Ƙamshin da Muka Ce na Fenti Ne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, ya kuma ba ka sauƙin gwiwar nan da ke damunka. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan, idon dai sai a hankali, amma bakin ko gezau; jiya ma ta wanke maigidana tas don ya bar ƙofa a buɗe. Kunnenta kuwa ya fi na kowa, shi ya sa na rubuto maimakon in kira ka a waya.

Maganar Dogo ce, ɗan marigayi ƙanenmu Kafinta. Ya cika sha biyar, ya kere ni tsawo. Makon jiya abokansa suka zuga shi ya yi tsalle daga rufin shagon ubansa zuwa katangar maƙwabta, ya karya hannu. Karo na uku ke nan yana irin wannan ganganci. Bayan an ɗaure hannun, likitar ta sa shi ya jira a waje, ta tambaye ni ko akwai mai shan giya a danginmu. Yaya, na dube ta ido cikin ido na ce babu. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye. Ba ta musa mini ba. Ta dai ɗora yatsa a goshinta ta ce sashen ƙwaƙwalwa da ke nan shi ne birkin mutum, shi ne kuma na ƙarshe wajen nuna, sai an haura shekara ashirin. Ta ce a gidan da shaye-shaye ya bi jini, wasu yaran birkinsu ya fi rauni, son kasada kuma ya fi ƙarfi. Ba hukunci ba ne, in ji ta, da yawa sukan tsira, amma wanda ya ɗanɗana da wuri shi ya fi wuyar fita, kuma yaron da ya san tarihin gidansu ya fi sanin abin da zai guda. Na fito ina tuna Baba, ina tuna Kafinta, dukansu biyu mashaya.

Ka tuna ƙaryar da muka yi wa yaron nan. Yana ƙarami, in ubansa ya ɗauke shi, yaron ya tambayi warin da ke bakin uban, sai mu ce ai ƙamshin fenti ne, haka masu aiki tuƙuru suke. Da ciwon hanta ya kashe Kafinta, Inna ta sa mu alkawari ba za mu taɓa faɗa ba. Rufin asiri muka nufa. Ashe mun koya wa yaro ya ƙaunaci warin nan tun bai san sunansa ba.

Da ka aiko cewa a ba shi makullin shagon ya riƙa koyon sana'a lokacin hutu, na ba shi. Shekaranjiya da hantsi na leƙa. Zarto da guduma suna rataye inda ubansa ya bar su, ƙura ta rufe teburin. Dogo yana zaune a ƙasa, ya sauko da gwangwanayen fenti duka ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A cinyarsa akwai kwalba marar takarda, wadda ya zaro daga bayan kantar shagon. Ya ce mini, yana murmushin nan na ubansa sak, ya shinshina kowane gwangwani bai ji ƙamshin Babansa ba sai a cikinta. Ya kafa mini ido. Na karɓe na zubar a kwata. Abin da ke ciki bai kai rabi ba, kuma ban sani ba ko haka Kafinta ya bar ta. Ban iya tambaya ba, wallahi tsoro nake ji.

Kai ne babba. Ina neman izininka in karya alkawarin Inna. Ranar Alhamis za mu koma a duba hannun, ina so in gaya wa likitar gaskiya a gabansa, da sunan kakansa da na ubansa. In ka amince ka kira maigidana a wurin aiki. In ban ji ka ba, ka yafe ni, zan faɗa.

Ka gaishe mini da matarka, da 'Yan Biyu, da Auta mai rigima. Inna tana sa maka albarka. Dogo ma yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka ya gode da makullin, ya riga ya yanko wani ya ajiye ko da zan karɓe wannan.

Taka ƙanwa,
Gwaggon Dogo