Ranar Sakin Gonaki

Zuwa ga mahaifina, Bulama Adamu, a makwancinsa.

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar da ka koya mana, ta durƙusawa har ƙasa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma tun da ka tafi ban sami wanda zan kai wa wannan magana ba, ita kuma ta ƙi barina in sake.

Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Habu, autanka, shi ke riƙe da gonar fadama yanzu, kuma zafin zuciyar nan tasa yana nan yadda ka bar shi. Saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ka tuna yadda kuke yi. In ruwa ya janye aka yanke shinkafa, sai Arɗo Sule ya iso ƙofar gida da ƙwaryar nono. Ku sha, ku tattare riguna, ku bi fadama gona-gona. Duk gonar da aka ɗaura wa kaba a bakin iyaka, mai ita bai gama ba ke nan, saniya ba ta shiga. Sai an kwance kabar ƙarshe kake sa a yi shela cewa an saki gonaki. Wata shekara da wuri, wata a makare, yadda kogi ya ga dama. Kana tsokanarsa wai shanunsa sun fi shi gane kaba, shi kuma yana ce maka ba don kashinsu ba da ko ciyawa gonarka ba ta yi. Ban taɓa jin an kai ku gaban alƙali ba.

Bayan rasuwarka aka yi rikici a wasu garuruwa, rayuka suka salwanta, aka kafa kwamitin zaman lafiya a birni. Ba na zarginsu da mugun nufi, Baba, su ma jinin da ya zuba ne ya dame su. Suka yanke cewa rana ɗaya ce ga kowa. Kafin ranar makiyayi ba zai shiga ba, daga ranar kuma manomi ba shi da ƙara. A rediyo muka ji.

Bana ruwa ya daɗe bai janye ba, shuka ta makara. Ranar da suka sa ta matso, shinkafar Habu kuwa rabinta kore ne shar. Ya wasa adda, ya rantse duk saniyar da ta sa ƙafa sai an ɗauki gawa, ko tasa ko ta mai ita. Inna ta daina cin abincin kirki.

Da aka kira taro a nan Haɗejia na je da murnata, ina zaton tambayarmu za a yi. Manya suna kujerun gaba, mutanen ƙauye can baya a ƙarƙashin rumfa. Aka yi jawabai, aka faɗa mana abin da aka riga aka yanke, aka ce mu ba da haɗin kai. Arɗo Sule yana gefena. Idonsa ya tafi, Baba, yanzu sai an ja shi. Ya ɗaga hannu, bai san ba wanda ke duban wajenmu ba. Hannun nan yana sama har aka shafa fatiha, ni na sauke masa shi. Raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba.

A nan na tuna abin da kake cewa duk sa'ad da aka kawo maka ƙara: "Ku kira masu gonar da masu shanun, su ne za su haɗu a daji gobe, ba mu ba." Abin da muke roƙo ke nan, bai wuce haka ba. A zauna da mu kafin a sa rana.

Da muka fito Arɗo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, shanuna ba za su taka shinkafar Bulama ba. Amma baƙin makiyayan da ke tafe, ban san da wane baki zan tsayar da su ba, tunda hukuma ta ce su shiga."

Jiya ya aiko cewa 'ya'yansa maza za su zo mana da lauje. Na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, gobe zan tafi gida. Da aka ce a yanke shinkafar kafin ranar, Habu ya yi gardama, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, da ƙyar Inna ta shawo kansa. Ɗanya za mu yanke ta, Baba. Na san rabinta ƙaiƙayi za ta zama, kuma na san duk rayuwarka ba ka taɓa yarda an sa wa koriyar shinkafa lauje ba. Ka yafe mana. Mun duba, mun ga gara mu rasa ta da mu rasa Habu.

Allah ya jiƙanka, Babana, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya sanyaya zuciyar autanka, ya ba shugabanninmu haƙurin sauraro, ya sa mu gama yankan nan kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Ɗanka mai kewarka,
Musa.